ALAMAR DA KE JIRAN UMURNI: YADDA MASU AIKIN KWAMFUTA KE GYARA MAƘERARSU

Da daren ran Talata 31 ga watan Janairu na shekarar 2017, wani injiniya na kamfanin GitLab, watau kamfanin da ke ajiye wa ɗimbin masu rubuta manhajar kwamfuta ayyukansu, yana zaune gaban na'urarsa yana fama da wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun da yamma. Kamfanin yana da manyan na'urori biyu masu ɗauke da rumbun bayanansa. Ta farko ana kiranta db1, ita ce uwa, wadda jama'a ke aiki da ita kai tsaye. Ta biyu kuwa db2 ce, aikinta kawai ta riƙa kwafar duk abin da ya shiga uwar. To, a wannan dare kwafin ya tsaya, an yi juyin duniya ya ƙi tafiya, sai injiniyan ya yanke shawarar ya share abin da ke cikin db2 tas, don a sake kwafowa daga farko. Ya rubuta umurnin sharewa ya danna. Bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ya ɗaga ido, ashe ba a kan db2 yake ba, a kan uwar yake. Kafin ya tsayar da umurnin, daga cikin bayanai masu nauyin gigabayit kimanin 300, abin da ya saura bai wuce 4.5 ba.

Da aka juya wajen ajiya, sai aka tarar an gudu ba a tsira ba. Hanyoyi biyar kamfanin yake taƙama da su na adana kwafi, amma babu ko ɗaya da ke aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin sa'a shida kafin aukuwar abin, don wata buƙata daban. Sai da aka kwashe wajen sa'a 18 kafin shafin ya dawo, kuma kamfanin ya nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube, duniya tana kallo. Duk abin da jama'a suka shigar cikin rumbun a waɗannan sa'o'i shida ya salwanta: ayyuka kimanin 5,000, sharhi kimanin 5,000, da rajistar mutane wajen 700.

A cikin jerin gyare-gyaren da ma'aikatan suka rubuta a fili a wannan lokaci, akwai wani guda da wanda ba ɗan hannu ba zai ɗauka wasa ne. Cewa suka yi a sāke launin ɗan rubutun nan da ke fitowa a farkon layi inda ake rubuta umurni, ya zama ja a kan na'urorin aiki na gaskiya, rawaya a kan na gwaji, sa'an nan a sa ya riƙa nuna cikakken sunan na'urar da mutum yake kai. Wannan gyara bai fi layi ɗaya ba a cikin wani ɗan fayil da ke ɓoye a kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux ko ta kamfanin Apple.

TAFINTA TSAKANIN MUTUM DA NA'URA

Galibin masu amfani da kwamfuta a yau da linzami ko da ɗan yatsa suke sarrafa ta, su taɓa hoto abu ya buɗe. Amma masu kula da manyan na'urorin bankuna da kamfanonin waya da jami'o'i, da masu rubuta manhaja, yawancin aikinsu a baƙin allo suke yinsa, inda babu komai sai rubutu. Mutum ya rubuta umurni, ya danna, na'ura ta aikata ta ba shi amsa. Manhajar da ke karɓar wannan umurni ta isar da shi ga can cikin na'urar ita ake kira shel, kalmar da ma'anarta a Turanci ita ce ɓawo, domin ita ce ta lulluɓe ƙwayar. Aikinta dai aikin tafinta ne a gaban alƙali: ba ita ke yanke hukunci ba, amma duk abin da ta faɗa shi za a aikata, kuma ba ta tambayar mai magana ko da gaske yake.

Wani Bafaranshe mai suna Louis Pouzin ne ya laƙa mata wannan suna, sa'ad da yake aiki a jami'ar MIT ta Amurka wajen 1964. Shi ne kuma ya rubuta wata manhaja mai suna RUNCOM, wadda ke ba mutum damar tara umurnai da yawa cikin fayil ɗaya na'ura ta bi su a jere. Daga wannan suna ne aka gaji haruffan "rc" da ke wutsiyar sunayen fayilolin da ake magana a kansu har yau. A 1971 Ken Thompson ya rubuta shel ta farko ta tsarin Unix a ɗakunan bincike na Bell da ke jihar New Jersey. A wancan zamani babu allo irin na yanzu. Da wata na'ura mai kama da keken rubutu ake magana da kwamfuta, tana buga amsa a kan takarda, haruffa goma a daƙiƙa, ga maɓallai masu tauri. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa sunayen umurnan suka zama 'yan guntaye: "ls" don a jero fayiloli, "cp" don kwafa, "cd" don sauya jaka, "rm" don sharewa.

Daga nan abin ya yi rassa. Stephen Bourne, mutumin Ingila, ya rubuta tasa, ta fito tare da Unix na bakwai a 1979, kuma da zarar mutum ya shiga na'ura sai ta karanta wani fayil nasa mai suna .profile ta aikata abin da ke ciki. A daidai wannan lokaci wani ɗalibi a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Bill Joy, ya fito da wata, ana kiranta csh, wadda ta zo da abubuwa biyu da ma'aikata suka rungume da hannu bibbiyu: tana tuna umurnan da mutum ya rubuta a baya, kana tana yarda a yi wa dogon umurni inkiya. David Korn ya biyo da tasa a 1983. A watan Yuni na 1989 Brian Fox, wani baƙar fata ɗan Amurka da ke yi wa Gidauniyar Manhaja Mai 'Yanci aiki, ya saki wadda ake kira bash, ita ce kuwa ta zama ruwan dare a duniyar Linux. Chet Ramey na jami'ar Case Western Reserve ya gaji kula da ita, ya yi shekaru fiye da talatin yana wannan ɗawainiya. Shekara guda bayan bash, wani ɗalibin jami'ar Princeton, Paul Falstad, ya rubuta zsh, wadda kamfanin Apple ya mayar ta zama ta gida a kwamfutocinsa daga 2019.

FAYIL MAI ƊIGO A GOSHI

Duk maƙerin da ya san aikinsa ba ya ajiye awartaki a inda sai ya miƙe tsaye zai ɗauko shi. Masaba tana dama, zugazugi yana inda yaro zai kai hannu, gawayi yana kusa. Wani maƙerin in ya shigo zai ga abin a hargitse, amma mai wurin ko a duhu ya san inda kome yake. Fayil ɗin .bashrc, ko .zshrc ga mai aiki da zsh, shi ne inda ma'aikacin kwamfuta ke yin irin wannan shiri. Rubutu ne zalla, umurni bayan umurni, kuma duk lokacin da aka buɗe sabuwar taga shel za ta karanta shi daga sama har ƙasa kafin ta ce da mai ita bismilla.

Ɗigon da ke farkon sunan shi ke sa fayil ɗin ya ɓuya, ba a ganinsa in an jero fayiloli sai an nemi a gan shi takamaimai. Abin dariya, ba da gangan aka tsara haka ba. Kamar yadda Rob Pike, ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatan Bell, ya bayyana a 2012, a kowace jaka ta Unix akwai sunaye biyu na musamman, ɗigo ɗaya da ɗigo biyu, waɗanda ba a son su riƙa cika wa mutane ido. Mai rubuta umurnin "ls" ya bi gajeriyar hanya, ya ce duk sunan da ya fara da ɗigo a tsallake shi. Da mutane suka gane haka, sai kowa ya riƙa sa wa fayilolin shirinsa ɗigo a goshi, kuskure ya zama al'ada.

Akwai wani tarko da kusan duk sabon shiga ke faɗawa. Bash ba fayil ɗaya take karantawa ba. In mutum ya shigo ta ƙofar shiga, watau da suna da kalmar sirri, kamar wanda ya shiga wata na'ura daga nesa, .bash_profile take nema. In kuwa sabuwar taga kawai ya buɗe bayan ya riga ya shiga, .bashrc take karantawa. Saboda haka sai ka ga mutum ya yi gyara a ɗaya, ya buɗe taga bai ga canji ba, ya yi ta zargin na'ura. Maganin da masu hannu suka daɗe da yi shi ne su zuba kome a .bashrc, sa'an nan su sa layi guda a .bash_profile da ke kiran ɗan'uwansa.

INKIYA DA SHARRINTA

Abin da aka fi fara yi a wannan fayil shi ne inkiya. Wanda kullum sai ya shiga wata jaka mai nisa sau ashirin, yana iya rubuta layi irin wannan:

alias rahoto='cd ~/aiki/2024/rahotanni'

Daga ranar, kalma ɗaya ta isa. Ribar ba wai a daƙiƙun da aka tsimi kaɗai take ba. Dogon umurni mai sassa biyar ko shida, wanda mutum ke rubutawa da hannu kowace rana, wata rana sai ya tsallake sashe ɗaya. In kuwa an rubuta shi daidai sau ɗaya an ba shi suna, an rufe wannan ƙofa. Masu hankali a wannan fanni ba sa zama su ƙirƙiri inkiya ɗari a yini ɗaya. Sukan jira sai sun ga sun maimaita abu har ya gundure su, sa'an nan su ba shi suna. Inkiyar da aka yi don tsammanin za a buƙace ta, bayan mako guda mai ita ma ya manta da ita.

Inda gardama take tsakanin ma'abota wannan sana'a shi ne kan umurnin sharewa. "rm" ba ya tambaya, ba ya kai fayil kwandon shara inda za a iya zuwa a tsinto shi, abin da ya tafi ya tafi. Don haka mutane da yawa sukan yi masa inkiya da "rm -i", wanda ke tsayawa kan kowane fayil ya tambaya ko a share. Har ma kamfanin Red Hat yakan sa wannan inkiya tun daga gida a asusun mai cikakken iko. A ido abin ya yi kyau. To, amma sabo turken wawa. Mutumin da ya shekara yana ba da umurnin a share kome yana jiran a tambaye shi ɗaya bayan ɗaya, ran da ya zauna gaban wata na'ura da ba a yi mata wannan gyara ba, hannunsa zai yi abin da ya saba, tambaya kuwa ba za ta zo ba. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne kada a sāke wa umurni mai haɗari hali alhali sunansa yana nan yadda yake. Gara a ƙirƙiri sabon suna, misali "goge", a ɗora masa tambayar. In an je baƙon wuri aka rubuta shi, iyakaci na'ura ta ce ba ta san wannan umurni ba, ba a yi asarar kome ba.

Haka nan akwai jerin jakunkunan da shel ke dubawa in an ba ta sunan wata manhaja, jerin da ake kira PATH. Kusan kowa sai ya ƙara masa wata jaka wata rana. Wanda ya yi kuskure ya rubuta sabuwar jakar kaɗai bai haɗa da tsohon jerin ba, sai ya buɗe taga ya tarar ko "ls" na'ura ta ce ba ta sani ba, har da manhajar da zai buɗe fayil ɗin ya gyara kuskuren. Dalilin haka ne ƙa'idar farko ta wannan aiki ita ce: a ajiye kwafin fayil kafin a taɓa shi, kuma kada a rufe tsohuwar taga sai an buɗe sabuwa an tabbatar lafiya. Wanda ke gyara na'urar da ke wata ƙasa ta hanyar intanet, in ya saɓa wannan, yana iya kulle kansa a waje.

IN WUTA TA ƊAUKE

Bash tana tuna umurnan da aka rubuta, 500 na ƙarshe in ba a ce mata ta ƙara ba. Wanda ya danna Ctrl da R tare ya rubuta guntun kalma, za ta zaƙulo masa umurnin da ya ƙunshi kalmar ko da na watan jiya ne, muddin bai faɗo daga jerin ba. Shi ya sa da yawa suke ɗaga adadin zuwa dubu goma ko fiye. Ga ma'aikaci, wannan jeri littafin aikinsa ne, a nan zai duba ya ga yadda ya warware wata matsala bara.

Sai dai akwai wani abu da ya shafi mai aiki a Kano ko Ikko ko Damagaram fiye da takwaransa na Turai. A bisa al'adarta, bash tana riƙe umurnan ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, ba ta rubuta su a fayil sai an rufe taga. In wuta ta ɗauke na'ura ta mutu farat ɗaya, duk abin da aka rubuta tun safe ya bi iska. Layi guda ke maganin wannan:

PROMPT_COMMAND='history -a'

Ma'anarsa, duk sa'ad da aka gama umurni ɗaya, a rubuta shi nan take. Amma shi ma littafin yana da nasa haɗari, domin a buɗe yake, ba a lulluɓe rubutunsa ba. Wanda ya rubuta kalmar sirri a cikin umurni, tana nan zaune a fayil ɗin .bash_history ga duk wanda ya samu shiga asusun. Akwai saitin da ke sa bash ta ƙi tuna duk umurnin da aka fara da tazara, masu lura sukan kunna shi.

Har ila yau a wannan fayil ne ake gaya wa shel harshe da tsarin haruffan da za ta yi aiki da su. Mai rubutun Hausa da ya ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma alamar tambaya ko wasu tarkace a sunayen fayilolinsa, sau da yawa matsalar ita ce ba a saita na'urar kan tsarin UTF-8 ba. Wannan tsari, wanda mafi yawan shafukan intanet ke amfani da shi, Ken Thompson ɗin nan ne da Rob Pike suka zana shi a 1992. A Linux har akwai saitin Hausar Nijeriya na musamman mai suna ha_NG. Kuma ba lalle sai mai kwamfuta ba: manhajar Termux tana kawo bash cikin wayar Android, da .bashrc ɗinta da kome.

ZANEN ARO

A 2009 wani mai rubuta manhaja a birnin Portland na Amurka, Robby Russell, ya tattara shirin zsh ɗinsa ya gyara shi don abokan aikinsa su samu sauƙi, ya sa shi a intanet da sunan Oh My Zsh. Abin ya bazu, jama'a suka yi ta ƙara masa launuka da ƙananan manhajoji har suka kai ɗaruruwa. A shafin GitHub kuwa dubban mutane sun baje fayilolinsu masu ɗigo, kowa ya zo ya duba. Wannan makaranta ce babba, kuma ta haka mutum ke iya sayen sabuwar kwamfuta da safe, kafin azahar ta koma tamkar tsohuwar tasa.

Amma zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya kwafo layi dubu na wani ya zuba a na'urarsa bai karanta ba, ya ɗauki ma'aikacin da bai san halinsa ba ya ba shi makullin gida. Mafi sauƙin illar ita ce nauyi, taga ta riƙa ɗaukar daƙiƙu kafin ta buɗe saboda tarin kayan da ba a amfani da su. Mafi muni kuwa, duk abin da ke cikin wannan fayil ana aikata shi ne da cikakken ikon mai asusun, ba tambaya. Ɓarayin intanet sun san haka. In sun samu shiga na'ura, .bashrc na cikin wuraren da suke dasa layinsu don ya riƙa tashi kullum, wani lokaci ma su yi wa umurnin "sudo" inkiya ta ƙarya da za ta karɓi kalmar sirri ta aika musu. Masu bajewa su ma ba su tsira ba. A watan Janairu na 2013, da GitHub ya inganta hanyar bincike a shafinsa, nan da nan mutane suka riƙa tono makullan sirri da masu su suka ɗora tare da sauran fayilolinsu ba su ankara ba.

ƘARAMIN HARAFI DA BABBA

Ɗan rubutun da ke farkon layi, wanda ma'aikatan GitLab suka ce a gyara, ana saita shi ne ta wani suna, PS1. A yawancin na'urori yakan nuna sunan mai aiki, da sunan na'ura, da jakar da ake ciki. A bash, in an sa ƙaramin harafin "h" bayan karkatacciyar sanda, sunan na'urar zai fito ne zuwa ɗigon farko kawai. In an sa babban "H" sai ya fito cikakke. Watau na'urar gwaji mai suna db1 da na'urar aiki mai suna db1, waɗanda wutsiyar sunansu ce kaɗai ta bambanta su, da ƙaramin harafi duk fuska ɗaya za su nuna wa injiniyan da ya gaji da tsakar dare.

Sai dai in an duba da kyau, ja da rawayan da aka ba da shawara ba su ne za su hana abin da ya faru a daren nan ba, domin db1 da db2 duka na'urorin aiki ne, duka ja za su nuna. Abin da ya raba su lamba ɗaya ce a cikin taga biyu masu kama da juna. Saboda irin wannan ne wasu masu kula da manyan na'urori ba sa tsayawa ga launi biyu. Sukan ba kowace na'ura mai muhimmanci nata launi, wasu su sa kalmar gargaɗi da manyan baƙaƙe a gaban layin uwar rumbu, wasu kuma su sa agogo a jikin alamar don in ɓarna ta auku a san minti nawa aka yi ta.

Kamfanin bai kori injiniyan ba. A rahoton da ya fitar cikin watan Fabrairu na 2017, shugabansa ya nemi gafarar jama'a, aka ɗora laifin kan tsarin aiki da ajiyar da ba a gwadawa akai-akai, aka jero gyare-gyaren da za a yi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa don jama'a su bi sawu. Gyaran PS1 a kan dukkan na'urorin kamfanin yana cikin jerin.